Manhajar Gottman Card Decks: Abin da Na Gani Bayan Wata Huɗu Ina Amfani da Ita

Wani abokin aikina da ke koyar da ilimin halayyar ɗan Adam ne ya fara nuna mini manhajar nan mai suna Gottman Card Decks, wata rana muna zaune a ɗakin malamai muna jiran a dawo da wuta. Ya ce kyauta ake sauke ta, kuma ba komai ba ce illa tarin tambayoyi da shawarwari da aka tsara domin miji da mata su riƙa yi wa juna. Na yi dariya na ce masa wanda ya shekara 11 da aure, ya haifi 'ya'ya huɗu, ai ya wuce wayar hannu ta koya masa yadda zai yi hira da iyalinsa. Bai ja da ni ba, sai ya ce in gwada tambaya biyar kacal a kan uwargida, idan na ci huɗu shi zai sayi tsire, idan na kasa ni zan saya. Ni na sayi tsiren nan, kuma abin da ya faru a daren da na faɗi jarrabawar shi ya sa na ci gaba da amfani da manhajar har wata huɗu, na kuma bi diddigin mutumin da aka gina ta a kan bincikensa.

Ita manhajar ba ta da wani tarkace. Ana samunta a wayoyin Android da na iPhone, kuma lokacin da na sauke ta ban biya ko kwabo ba. Da zarar an buɗe ta sai a ga rukunan katuna fiye da goma, waɗanda jimillar katunan cikinsu ta haura 1,000, kowane kati ɗauke da tambaya ɗaya ko shawara ɗaya. Mutum yana jan kati da yatsa ya wuce zuwa na gaba, yana iya cakuɗa su kamar yadda ake cakuɗa karta, yana kuma iya danna alamar tauraro a kan wanda ya burge shi domin ya adana shi a gefe. Akwai rukunin da ke gwada sanin da mutum ya yi wa abokin zamansa, akwai na tambayoyin da ba a amsa su da i ko a'a, akwai na nuna godiya, da na bayyana buƙata, da na bayyana abin da ke cikin rai, da na sauraro, da kuma waɗanda suka shafi shimfiɗa. Iyakar abin ke nan, kuma da Turanci aka rubuta wadda na yi amfani da ita.

Abin da ya bambanta ta da ɗimbin nasihohin aure da ke yawo a WhatsApp da Facebook shi ne inda tambayoyin suka samo asali. John Gottman, wanda aka haifa a 1942 a Jamhuriyar Dominika ya kuma tashi a unguwar Brooklyn ta birnin New York, da lissafi ya fara karatunsa, har ya yi digiri na biyu a wannan fanni a cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka, kafin ya karkata zuwa ilimin halayyar ɗan Adam ya samu digirin digirgir a Jami'ar Wisconsin a 1971. Wannan asali na lissafi ya bi shi duk tsawon aikinsa. A zamanin da ya shigo fagen, yawancin abin da ake faɗa game da aure ya dogara ne a kan abin da ma'aurata suka bayar da labari da bakinsu, ko abin da masu ba da shawara suka hango daga waɗanda suka zo musu da matsala. Shi kuwa sai ya ce a zaunar da miji da mata a gaban kyamara, a bar su su yi magana, a ƙirga abin da ya faru daƙiƙa bayan daƙiƙa, sannan a jira shekaru a ga waɗanda suka zauna da waɗanda suka rabu.

Tun yana Jami'ar Indiana ya haɗu da Robert Levenson, masanin yadda jiki ke amsa motsin zuciya, wanda daga baya ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Su biyun suka tsara hanyar da ta yi suna: ma'aurata za su yi hira ta minti 15 a kan yadda yininsu ya kasance, sannan wata minti 15 a kan wani abu da suka daɗe suna saɓani a kai, alhali an maƙala musu na'urorin da ke auna bugun zuciya da gumin tafin hannu, har kujerar da suke zaune a kai tana auna yawan mutsu-mutsunsu. Bayan an gama sai a nuna wa kowannensu hoton bidiyon, yana murɗa wani maɓalli don nuna inda ya ji daɗi da inda ransa ya ɓaci. Da Gottman ya koma Jami'ar Washington da ke birnin Seattle a 1986, sai aka gina wani ɗaki mai kama da gidan zama, da kicin da falo da talabijin, inda ma'aurata kan kwana su yini kamar suna gidansu, kyamarori na ɗaukar su da rana, ana kashe su da dare, ba a kuma sa ko ɗaya a banɗaki ba. 'Yan jarida suka laƙaba wa wurin ɗakin gwajin soyayya. Ɗalibansa suna zama su bi faifan, suna ba kowane motsin fuska da sautin murya lamba, bisa wani tsari da ya ɗauki darasi daga aikin Paul Ekman a kan tsokokin fuska. Daga baya ma ya haɗa kai da James Murray, masanin lissafin halittu, suka mayar da hirar miji da mata lissafi a kan takarda. A 1996 ne shi da matarsa Julie Schwartz Gottman, wadda ita ma likitar halayya ce, suka kafa cibiyar da ke ɗauke da sunansu, kuma ita ce ta fitar da wannan manhaja.

To, in koma kan jarrabawata. Rukunin da abokina ya zaɓar mini shi ne wanda suke kira Love Maps, wato taswirar da mutum yake riƙe da ita a kansa ta duniyar abokin zamansa. Bayan sallar isha'i, yara sun kwanta, na ce wa uwargida ina da wasu tambayoyi da zan amsa a kanta, ita kuma ta yi alƙalanci. Ta dube ni ta ce, "Malam, lafiya dai ko?" Na ce lafiya lau, caca ce muka yi a kan tsire. Tambayar farko a kan garin da aka haife ta ce, na ci. Ta biyu a kan ɗan'uwan da ta fi so cikin danginta, na ci da ƙyar, domin na fara ambatar yayarta kafin na gyara na ce gwaggonta. Ta uku ta nemi in faɗi aminanta biyu na ƙut da ƙut, na faɗe su ba tare da wani tunani ba. Sai ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce ta farkon daidai ne, amma ta biyun rabonsu da magana ta kirki an fi shekara biyu, tun wani rikicin adashi da ta ce ta ba ni labarinsa har sau biyu. Ban tuna ko sau ɗaya ba. Ta huɗu ta tambayi abin da ke damunta a 'yan kwanakin nan, na ce kuɗin makarantar yara, ta ce wannan damuwata ce ni, ita abin da ke hana ta barci ciwon ƙafar mahaifiyarta ne da ya ƙi jin magani. Ba mu kai ga ta biyar ba, domin hirar ciwon ƙafar ta kai mu har ƙarfe goma sha ɗaya da rabi.

Na daɗe ina juya wannan dare a raina. Ba zan ce ba na kula da gidana ba. Abinci bai taɓa yankewa ba, kuma ba mu cikin masu yawan faɗa. Amma matar da nake riƙe da ita a kaina ita ce ta shekarun farkon aurenmu, kuma ban sabunta saninta ba tun daga nan, kamar mai yawo da tsohuwar taswirar gari alhali an fasa sababbin tituna an rushe wasu. Ainihin amfanin wannan rukuni ke nan, kuma shi ne mafi kyau a duk manhajar a ganina. Tambayoyin ba su da wata hikima mai zurfi, kowa zai iya ƙirƙirar irinsu. Sai dai mutum ba ya tambayar abin da yake zaton ya sani, ita kuwa waya ba ta san abin da kake zato ba, don haka takan jefo maka tambayar da kai ba za ka taɓa yi ba.

Abu na biyu da na ɗauka daga wannan bincike ya fi na farko ƙanƙanta a ido. A ɗakin nan na Seattle, masu binciken sun lura cewa ma'aurata suna yini suna jefa wa juna 'yan maganganu marasa nauyi waɗanda a zahiri neman kulawa ne, kuma abokin zama yana iya juyowa ya amsa, ko ya share, ko ya mayar da baƙar magana. Da suka bi sababbin ma'aurata har shekara shida, sai suka bayar da rahoton cewa waɗanda aurensu ya ɗore sun kasance suna amsa irin wannan kira kusan kashi 86 cikin 100 na lokuta, waɗanda suka rabu kuwa kashi 33 kawai. Kwana biyu bayan na karanta wannan, ina zaune a tsakar gida ina duba saƙonni, sai na ji uwargida daga wajen akurki tana cewa, "Malam, kazar nan fa ta ƙyanƙyashe." Bakina har ya buɗe zai ce "uhm", kamar yadda ya saba, sai na tuna, na ajiye wayar na taka na je. 'Yan tsaki bakwai ne, ɗaya bai gama fita daga ƙwai ba, muka tsuguna muna kallonsa yana fama. Duka abin bai wuce minti uku ba. Abin da ya tsaya mini shi ne kallon mamakin da ta yi mini da ta ga na taso, domin wannan kallon ya gaya mini sau nawa ta yi irin wannan kira ba a zo ba.

Sanannen abin da aka fi danganta wa Gottman shi ne halaye huɗu da ya ce su ke rusa aure idan suka zama jiki: sukar halin mutum maimakon kokawa da abin da ya aikata, da raini, da kare kai ta hanyar mayar da laifi, da yin gum a ƙi tanka wa mai magana. Ya ce raini ne mafi muni cikinsu. Mai karatu Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan, domin harshenmu ya riga ya rarrabe wannan ciwo filla-filla: akwai tsaki, akwai harara, akwai taɓe baki da murguɗa shi, akwai gatse, akwai habaici da ake yi wa kaza ko yaro alhali da maigida ake. Da a Kano aka gina ɗakin gwajin nan, da tsaki kaɗai ya samu lambarsa ta musamman. Game da yin gum kuwa, binciken ya nuna cewa maza ne suka fi yi, kusan kashi 85 cikin 100 na masu yin sa, kuma na'urorin sun nuna cewa mai shirun nan sau da yawa cikinsa tafasa yake yi, bugun zuciyarsa ya haura 100 a minti ɗaya, har ba ya iya fahimtar abin da ake faɗa masa. Shawararsu ita ce a dakatar da maganar aƙalla minti 20, mutum ya yi wani abu da zai kwantar masa da hankali ba tare da yana tauna laifin ɗaya a ransa ba, sannan a dawo a ƙarasa. Wanda ya san umarnin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa mai fushi ya zauna idan yana tsaye, ya kwanta idan fushin bai tafi ba, ba zai ji wannan baƙo ba. Abin da yawancinmu muke tsallakewa shi ne dawowar. Mukan fita majalisa mu huce, mu dawo gida mu nuna kamar ba a yi komai ba, maganar kuwa tana nan kwance tana jiran wata rana.

Rukunan bayyana buƙata da na bayyana abin da ke rai an tsara su ne domin maganin hali na farko, wato suka. Wani bincikensu na 1999 ya nuna cewa yadda aka buɗe zancen saɓani a minti ukun farko yana nuna inda zai ƙare, don haka katunan suna koya wa mutum ya fara da abin da ya ji da abin da yake so, maimakon "ke kullum" ko "kai ba ka taɓa". Manufar tana da kyau, amma a nan ne na fara cin karo da matsalar harshe. Idan aka ɗauki jumlar katin aka juya ta Hausa kalma da kalma, abin da ke fitowa yana kama da zancen 'yan wasan kwaikwayo, kuma ranar da na gwada haka uwargida dariya ta yi har da riƙe ciki. Mu ba haka muke faɗin abin da ke cikinmu ba. Mukan ce raina ya sosu, hankalina bai kwanta ba, abin nan ya tsaya mini a wuya, gabana ya faɗi da na ji. Sai da na daina fassara, na koma karanta katin ni kaɗai ina tambayar kaina yadda kakata za ta faɗi wannan magana, sannan rukunin ya fara yi mini amfani. Wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba zai sha wahala a nan, kuma ba kowa ne zai so ya kira wani ya fassara masa tambayar da zai yi wa matarsa ba.

Yanzu sai batun alƙaluman da suka sa sunan Gottman ya zagaya duniya, wato iƙirarin cewa yana iya hasashen waɗanda za su rabu da daidaiton da ya haura kashi 90 cikin 100. Wannan adadi ya fito daga bincike irin na 1992, wanda aka yi hira da ma'aurata a kan tarihin aurensu aka kuma bayar da rahoton daidaito na kusan kashi 94. Ina ba mai karatu shawara ya riƙe wannan da hannu biyu amma kada ya haɗiye shi. A 2001 wasu masana biyu, Richard Heyman da Amy Smith Slep, sun wallafa suka mai ƙarfi a mujallar nazarin aure da iyali ta Amurka, inda suka nuna cewa irin wannan lissafi ana gina shi ne bayan an riga an san waɗanda suka rabu, sannan a auna shi a kan mutanen da aka gina shi da su. Misalinsa kamar tela ne da ya auna mutum ɗaya ya ɗinka masa riga, rigar ta zauna cif, sai ya ce ya gano awon da zai dace da kowa. Da suka gwada irin wannan hanya a kan wasu bayanai, suka gina lissafin da rabin mutanen suka auna shi a kan ɗaya rabin, sai daidaiton ya faɗi warwas. Ga kuma ƙarancin adadi: a sanannen binciken 1998 da ya bi sababbin ma'aurata 130 na tsawon shekara shida, aure 17 ne suka mutu, kuma a kan waɗannan ne aka ɗora manyan maganganu. Mutanen kuma Amurkawa ne da suka kawo kansu da kansu, suka yarda a ɗauke su a kyamara suna faɗa, wanda wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba kowane irin ma'aurata ba ne.

Duk da haka ban ga wannan suka ta rage darajar manhajar ba, domin manhajar ba ta yi wa kowa duba. Ba ta ce aurenka zai mutu ko zai rayu, ba ta ba ka maki. Abin da ta ɗauko daga aikin shekara arba'in da ɗoriya na mutumin shi ne sashen da ya fi tsayawa da ƙafarsa, wato abin da aka gani da ido ana maimaitawa a gidajen da ke zaman lafiya: sanin juna, amsa kira, yawan kyakkyawar magana a kan mummuna, wanda suka ƙiyasta da biyar bisa ɗaya a lokacin saɓani. Akwai ma wani sakamakon nasu da na ga ya fi hasashen saki amfani, cewa kusan kashi 69 cikin 100 na abubuwan da ma'aurata ke saɓani a kai ba sa warwaruwa har abada, domin sun samo asali ne daga bambancin hali, kuma masu zaman lafiya su ne waɗanda suka koyi tattauna su ba tare da cin fuska ba. Zo mu zauna zo mu saɓa ke nan, an dai sa masa lamba.

Inda manhajar ta gaza isa gare mu ba laifin masu ita ba ne, domin ba don mu suka yi ta ba. An gina ta a kan aure na mutum biyu da ke zaune su kaɗai, waɗanda suka yarda cewa duk abin da ke zuciya sai an furta shi da baki. Aurenmu kuwa cike yake da mutane. Ban ga rukunin da ya keɓanta da surukai ba, alhali a wurinmu rabin rigimar gida daga nan take tasowa, ko daga ƙannen miji da ke zaune a gidan, ko daga abin da aka aika wa wane ba a aika wa wance ba. Batun kishiya kuwa babu shi sam. Wani maƙwabcina mai mata biyu da na nuna wa manhajar ya duba ta ya mayar mini da wayata, ya ce idan ya yi wa uwargida tambaya goma ranar girkinta, to wajibi ne ya tanadi goma daidai ga amarya, kuma kafin gari ya waye kowace ta san tambayoyin da aka yi wa ɗayar. Wasa yake yi, amma ya taɓo gaskiya, domin adalci tsakanin mata wani fage ne na sadarwa da ɗakin gwajin Seattle bai taɓa leƙawa ba. Haka nan tsarin shigo da manya, wanda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta shimfiɗa, cewa a tashi mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta, ba shi da gurbi a cikin katunan.

Sai kuma kunya. Macen da ba ta iya kiran sunan mijinta, wadda ko ɗanta na fari ba ta ambatar sunansa, ba za a miƙa mata kati a ce ta dubi idon maigida ta lissafa abubuwa uku da take ƙauna a jikinsa ba. Wanda bai san mu ba zai ɗauka wannan sanyi ne ko danniya, alhali sau da yawa saƙon yana isa ta wata hanya: ta sannu da zuwa da ruwan da aka miƙo, ta a dawo lafiya da ake rako mutum da ita har zaure, ta ledar tsire ko balangu da aka shigo da ita da dare ba a ce komai ba, ta Allah ya ƙara buɗi da ake faɗa bayan an ajiye cefane. Abin sha'awa shi ne fagen binciken kansa ya san da haka. Mary Anne Fitzpatrick, malamar ilimin sadarwa da ta daɗe a Jami'ar Wisconsin, ta rarraba ma'aurata gida uku bisa yadda suke kallon al'ada da kusanci da saɓani, shi ma Gottman ya bayyana nau'i uku na auren da ke ɗorewa, ciki har da na masu kauce wa gardama, waɗanda suke barin abubuwa da yawa su wuce ba tare da an baje su a faifai ba. Ke nan kawaici ba ciwo ba ne a kan kansa, matuƙar alherin da ke tsakani ya rinjayi ɓacin rai. Amma tsarin kati, bisa yanayinsa, yana tura kowa zuwa furtawa, don haka mai amfani da shi a nan sai ya yi tankaɗe da rairaya. Rukunin nuna godiya, alal misali, na mayar da shi tunatarwa ce gare ni in ce sannu da aiki da sunan aikin, in ambaci miyar ko wankin ko jinyar yaron da aka kwana ana yi, maimakon sannu ta gaba ɗaya da ba ta nuna an ga komai.

Akwai sakamako ɗaya da na san zai yi wa wasu maza ɗaci. Binciken 1998 ɗin nan ya nuna cewa auren da miji yake karɓar tasirin matarsa, yana sauraron ra'ayinta har ya canza nasa idan ta fi shi gaskiya, ya fi ɗorewa. Na ji wani yana cewa wannan koyarwar Turawa ce ta mayar da namiji mijin-ta-ce. Na tuna masa da Hudaibiyya, a shekara ta shida bayan hijira, lokacin da sahabbai suka yi nauyin jiki wajen yanka hadaya da aske kai, Ummu Salama ta ba Manzon Allah shawara ya fita ya yi nasa ba tare da ya yi wa kowa magana ba, ya kuwa karɓa, jama'a suka bi.

Gargaɗi biyu suna da muhimmanci. Na farko, rukunan da suka shafi shimfiɗa, musamman waɗanda ake kira Salsa masu hawa uku, suna magana ɓaro-ɓaro, kuma an rubuta manhajar ne domin kowane irin masoya a al'adar Amurka, da masu aure da marasa aure, don haka akwai katunan da Musulmi ko Kirista mai kamun kai zai tsallake. Wanda yaransa ke ɗaukar wayarsa su yi wasa ya san da wannan tun kafin ya sauke ta. Na biyu ya fi nauyi: gidan da ake duka ko tsoratarwa ba gidan kati ba ne. Gottman da kansa ya yi bincike da Neil Jacobson a shekarun 1990 a kan maza masu dukan matansu, kuma masu aikin sulhu a wannan fanni ba sa ɗaukar irin wannan gida a matsayin mai matsalar rashin iya magana. Macen da ke cikin wannan hali waliyyanta take buƙata, ko hukumar Hisba a inda take, ko kotu. Ya kamata kuma a sani cewa cibiyar tana sayar da kwasa-kwasai da tarukan bita da horon masu ba da shawara da dalar Amurka, manhajar kyauta kuwa ƙofar shiga kasuwarsu ce, ko da yake ni ban sayi komai ba kuma ban ji an takura mini in saya ba.

A yanzu katuna 14 ne na danna wa tauraro, yawancinsu daga rukunin taswira da na buɗaɗɗun tambayoyi, sauran rukunan kuwa na daina buɗe su. Mukan duba ɗaya ko biyu daren Alhamis idan babu baƙi, kuma wayar ta koma hannun uwargida, ita ke zaɓa ita ke juyawa Hausa yadda ta ga dama. Makon jiya ta zaɓi wata da ke tambayar burin da mutum ya taɓa yi bai cika ba, ta ce, "Malam, wannan taka ce." Na fara ba ta labarin gonar mangwaro da na so in dasa a garinmu tun kafin in fara koyarwa, sai ƙaramin ya farka da kuka, ta tashi ta shiga ɗaki. Da safe tana zuba mini koko ta tambaye ni ko filin yana nan, na ce yana nan, ƙanena ne ke noma gyaɗa a ciki.